Darasi na Bakwai: Ƙoƙon Gwiwa

Ku zauna a tabarma, ku miƙe ƙafa, ku saki jiki. Ku dafa gwiwa. Wannan ɗan ƙashin da ke motsi a ƙarƙashin yatsunku shi ne ƙoƙon gwiwa. Samansa yana da faɗi, ƙasansa kuma ya yi tsini.

Ba a manne yake da wani ƙashi ba. Yana zaune ne a cikin jijiyar da ta sauko daga tsokar gaban cinya, ta wuce ta kama ƙashin ƙauri. Bayansa yana da guringuntsi mai santsi, wanda ya fi na kowace gaɓa a jiki kauri. Idan an lanƙwasa ƙafa, ƙoƙon yakan zame a cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya.

Jariri ma yana da shi, sai dai guringuntsi ne zalla. Ba ya fara zama ƙashi sai yaro ya kai wajen shekara 3 zuwa 6.

To, mene ne aikinsa? Yana kare gaban gaɓar, amma babban aikinsa shi ne ƙara wa cinya ƙarfi. Mai son tayar da dutse da sandar ƙarfe yakan sa wani ɗan dutse a ƙarƙashin sandar. Haka ƙoƙon yake ɗaga jijiya daga jikin gaɓar, sai miƙe ƙafa ya zo da sauƙi. Kuma yana shan nauyi ba kaɗan ba. A tafiya yana ɗaukar kamar rabin nauyin mutum. A hawan bene nauyin ya kai ninki 3 na nauyin mutum. A dogon tsuguno yakan kai ninki 7. Shi ya sa tsofaffi suka fi kuka da gwiwa wajen tashi daga tsuguno ko daga sujada, ba wajen tafiya ba. Ƙiba ma tana ƙara wa abin tsanani.

Ƙoƙon yana iya gocewa, yawanci zuwa gefen waje, musamman ga matasa 'yan ƙwallo. Yana iya karyewa idan an faɗi a kansa, ko a haɗarin babur.

Ga gwajin da za ku riƙe. A kwantar da wanda ya ji ciwon rigingine, a ce ya ɗaga ƙafar a miƙe. Idan ya kasa, ga kumburi, wataƙila ƙoƙon ya karye ko jijiyar ta tsinke. Kada a ja, kada a murza. A gani na, wannan ba karayar da za a fara kai wa mai ɗori ba ce, domin tsokar cinya tana jan ɓarin sama, ɓangarorin su rabu, kuma kara da tsumma ba sa haɗa su. A ɗaure ƙafar a miƙe da katako, a sa ƙanƙara a cikin ƙyalle a ɗora, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Idan ɓangarorin sun rabu, sai an yi aiki an haɗa su da waya.