Yadda ake gwada Dolby da DTS a gida ba tare da kunne ya yaudare ka ba

Dolby da DTS salo biyu ne na matse sautin fim don ya rage cin wuri. Yawancin masu cewa DTS ya fi Dolby daɗi nesa ba kusa ba, gaskiya ƙarfin sauti suka gwada, ba ingancin matsewar ba. Haka kunne yake, wanda ya ɗan fi ƙara kawai shi zai zaɓa. To ga yadda za ka yi gwajin da zai faɗa maka gaskiya.

Fara da duba abin da ke isa risiba ɗinka, wato na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa sifiku. Wayar oftikal ba ta ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, wato nau'ikan da ba sa zubar da komai daga sautin, iyakarta Dolby Digital da DTS na asali, kuma ARC, hanyar da talabijin ke mayar da sauti zuwa risiba ta HDMI, ma ba ya wuce da TrueHD sai sabon nau'insa eARC. Mutum zai zauna yana yabon sautin da ba a matse ba alhali allon risiba yana nuna Dolby Digital ƙarara. Ka jona na'urar faifan kai tsaye da HDMI, ka karanta abin da allon ya rubuta. Kuma kar wani ya sa ka sayi wayar HDMI mai tsada don wannan, ta yau da kullum ta isa.

Sai ka zaɓi fim ɗaya, faifai ɗaya, wuri ɗaya a cikin fim ɗin. Kwatanta DVD da Blu-ray ɓata lokaci ne don sau da yawa haɗin sautin ma daban ne. Faifan DTS-HD Master Audio yana ɗauke da DTS na asali a cikinsa mai 1509 kbps (yawan bayanan sauti a daƙiƙa), shi ke nan ka samu abin kwatance. Ni dai na fi son kwamfuta, ka ciro sautin da ba a taɓa ba, ka sa manhajar ffmpeg ta matse maka shi zuwa Dolby Digital a 384 kbps, da 448 wanda shi ne iyakar DVD, da 640 na Blu-ray. Ka kashe yanayin dare da DRC (mai rage tazarar sauti mai ƙarfi da mai sanyi) da duk wani setin da ke ƙara wa sauti kwalliya.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, daidaita ƙara. Dolby yana da wata lamba a cikin sautin mai suna dialnorm, in an sa ta a -31 risiba ba ta rage komai, in kuma -27 ce, wadda ita aka fi samu, sai ta rage desibel 4 (ma'aunin ƙarar sauti) ba tare da ta tambaye ka ba, kai kuma kana latsa rimot ka koma DTS sai ka ji muryoyi sun fito ɓaro-ɓaro, bas ya cika ɗaki, ka ce ai magana ta ƙare. Desibel 4 ba wasa ba ne wallahi, ko 1 ya isa ya juya maka ra'ayi. Ka sa manhajar auna sauti a waya, ka ajiye wayar a kan kujerar da kake zama daidai tsayin kunne, kar ka riƙe ta a hannu don motsi kaɗan yana canza lambar. Ka kunna jimlar magana ɗaya a sautin farko, ka rubuta, ka maimaita a na biyu, ka gyara bolum har bambancin ya kasa kai rabin desibel. Ka rubuta lambar bolum ta kowanne a takarda. In ba ka yi wannan ba kar ma ka ci gaba.

Kuma ka daina gwaji da fashewar bam, hayaniya tana rufe aibi. Nemi tafin jama'a, ruwan sama a sifikun baya, gilashi yana tarwatsewa. Nan matsewa ke tona kanta, tafin ya cakuɗe ya zama shuuu, ko ka ji wani ɗan huci kafin bugu ya sauka. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa, ka yi ta maimaitawa.

Rimot ka ba wa wani ya riƙa canzawa ba ka gani, zagaye 16, in ba ka canka 12 daidai ba to ba ka ji bambanci ba. A kwamfuta manhajar foobar2000 tana da ABX, wato gwajin canka ba ka gani, da zai yi maka wannan. Shi kuma Dolby Atmos ba salon matsewa ba ne, a Netflix kan Dolby Digital Plus yake hawa, a faifai kan TrueHD, don haka ka duba wanne ke ƙarƙashinsa kafin ka kwatanta.