Yadda za ka sa tsakar gidanka ta sha ruwan sama kamar ƙasar daji

A Dajin Falgore, ganye ne ke fara tarbar ruwan sama. Ya sauko a hankali, ya bi saiwoyi ya shige ƙasa, bishiyoyi su sha nasu su mayar sama, saura ya zama ruwan rijiya. A cikin Kano kuwa kwano da siminti da kwalta ne ke tarbarsa, ya faɗa kwata ya nufi kogin Jakara. Kududdufan da ke riƙe shi a da, an cike da yawansu an yi gini. Shi ya sa unguwa take ambaliya a watan Agusta, watan Maris kuma tana bin 'yan garuwa.

Fara da lissafi. Ruwan milimita 20 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 2,000 ne, wato jarka 80 mai cin lita 25. Duk wannan kake sallamawa titi.

Ranar da ake ruwa, duba inda indararo ke zuba. Kusa da nan za ka haƙa ramin da zai tsotse ruwan, amma ka matsa aƙalla mita 3 daga gini, balle in na ƙasa ne, kuma nesa da masai.

Gwada ƙasar tukuna. Haƙa rami iya gwiwa, cika shi da ruwa. In ya tsotse kafin gobe, bismilla. In ya kwana, laka ce, gara ka tara ruwan a tanki.

Sai ka zurfafa ramin ya kai kamar mita 1. Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kansu, yashi a sama. Jawo bututu daga indararo zuwa ciki, ka bar wata kafa da rarar za ta fita kwata in an yi mamako. Ruwan farkon damina bar shi ya wuce, ƙurar rani ce da kashin tsuntsaye. Na wanki da wanke-wanke ma kada ya shiga, sabulu da maiƙo suna toshe yashi.

Ni a ganina shafe tsakar gida kaf da siminti asara ce. Bar wani ɓangare ƙasa, shuka zogale ko darbejiya, ka hana a share ganyen da ke gindinta. Yashin saman ramin kuma, kwashe shi ka zuba sabo kafin kowace damina.