Yadda Za Ka Kafa Majalisarka Idan Ka Tare a Ƙasar Waje

A Kano ba a fita neman aboki. Kana leƙowa ƙofar gida bayan la'asar za ka tarar an fito da benci, wani ya matsa maka, an ɗora musun ƙwallo daga inda aka tsaya jiya. In aka kwana biyu ba a gan ka a masallacin layi ba, sai an turo yaro ya dubo ko lafiya. Ban san wannan arziki ba ne sai da na je karatu Mancesta a Ingila, inda a watan farko na taɓa yin kwana huɗu cur ba wanda ya kira sunana.

Tun da na dawo gida, duk wanda ya samu biza a unguwarmu ta Gwammaja sai ya zo mun zauna. Tambayoyin iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin haya, nawa ake canjin fam a Wapa, da gaske ne awa 20 kawai aka yarje wa ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu? Da gaske ne. Amma har yau ba wanda ya taɓa ce min, "Yaya, da wa zan yi hira ranar Asabar?" Alhali wannan ne ya fi kayar da mutane, balle yanzu da Birtaniya, tun Janairun 2024, ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali. Magidanci ya bar mata da 'ya'ya a Kurna ko Ɗorayi, ya je ya zauna shi kaɗai a ɗaki. Ga abin da nake gaya musu. Ingila na sani, da ita zan yi misali, amma mai zuwa Alƙahira ko Indiya ko Malesiya zai tsinci nasa a ciki.

Mataki na farko: tun kana Kano

Ka shiga kicin. Ka ce wa Hajiya ko yayarka ta koya maka abinci uku, ka dafa da hannunka tana tsaye a kanka: tuwo da miyar kuka, dafa-duka, da miyar taushe. Kada ka ji kunya, domin a can girki ne zai riƙe maka aljihu, kuma shi zai tara maka jama'a. Daga nan ka wuce Kasuwar Rimi ka sayi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, zoɓo da tsamiya, a ƙulle su da kyau. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ka cinye su a gida, Birtaniya ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan madara ba. Ka sa shadda kala biyu da hula saboda Juma'a da Sallah, sannan ka ɗauki kayan abin da kake sha'awa, ko takalmin ƙwallo ne, ko kyamara, ko kwarashin saƙa da lalle in ke mace ce.

Mataki na biyu: taka garin da ƙafarka

Sati biyun farko, kafin karatu ko aiki ya yi nauyi, ka riƙa fita kullum ko da ba ka da wurin zuwa. Ka gano masallaci mafi kusa, shagon naman halal, laburaren unguwa, da asibitin da za ka yi rajista da likita tun kana lafiya. A Mancesta titin Wilmslow da ke Rusholme ya ishe ka, shagunan Larabawa da 'yan Pakistan ne jere.

Ka shirya wa duhu. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba duk su zo maka cikin awa huɗu. Bakano da ya saba da rana tana dukansa tun daga Ƙofar Mata har Sabon Gari, jikinsa yakan mutu, barci ya yi yawa, zuciya ta yi nauyi ba dalili. Hukumar lafiyar ƙasar tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a lokacin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara. Ka sha, ka kuma fita da rana tsaka ko na minti ashirin ne. In nauyin zuciyar ya wuce makonni, ka gaya wa likita, ka kuma gaya wa wani ɗan'uwa da ka yarda da shi.

Mataki na uku: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowane mako

Nan ne gundarin maganar. Ka tambayi kanka me ya sa 'yan majalisarku suka zama abokanka. Ba zaɓarsu ka yi ba, yau da gobe ce ta haɗa ku, benci ɗaya, lokaci ɗaya, shekara da shekaru. To a can ba wanda zai fito maka da benci, kai za ka samar wa kanka wannan yau da goben. Kuskuren da sabon zuwa yake yi shi ne ya je taro goma daban-daban sau ɗai-ɗai, ya dawo yana cewa mutanen nan ba sa son mutane. Gara ka zaɓi abu biyu kacal ka lizimce su wata uku ba fashi.

Ni na fara da sallar isha a masallaci ɗaya, a gefe ɗaya na sahu. Sati uku ba abin da ke haɗa ni da kowa sai musabaha. A na huɗu wani dattijo ɗan Somaliya, mai jan gemu da lalle, ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce jiya bai gan ni ba. Na tsaya ina kallonsa, don tun barina Kano ba wanda ya lura da rashina. Washegari ya zo da shayi mai citta a fulas da kofuna biyu, muka sha a kan matattakalar masallaci muna rawar sanyi. Shi ya nuna min inda ake sayar da rigar sanyi mai sauƙi, shi ya haɗa ni da ɗansa da ya sa ni cikin masu buga ƙwallo ta mutum biyar-biyar duk daren Laraba.

Abu na biyu ya zama wanda zai haɗa ka da 'yan ƙasa. Akwai parkrun, gudu ko tattaki na kilomita 5 kyauta, duk Asabar ƙarfe tara na safe a filayen shaƙatawa. A Landan aka fara shi a 2004, yanzu ya bazu ko'ina, kuma ba dole sai ka iya gudu ba, tsofaffi da masu tura keken jarirai duk suna ciki. Rajista za ka yi a intanet sau ɗaya. In gudu ba naka ba ne, laburare kan shirya zaman hira da na karatu, akwai ajujuwan ɗinki da girki, akwai wuraren rabon abinci ga mabuƙata da kullum suke neman 'yan sa-kai. Ni na fi ba da shawarar aikin sa-kai ga mai jin nauyin baki, saboda idan hannu yana aiki hira da kanta take zuwa.

Kada gaisuwarsu ta sa ka karaya. Mu mun saba da ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jama'a, har sai an ƙure. Su kalma biyu ce da murmushi, sai zancen ruwan sama. Ba wulaƙanci ba ne, a hankali suke buɗewa. Abokan aiki za su gayyace ka mashaya bayan an tashi. Ka faɗa musu a sarari cewa ba ka shan giya, amma kada ka tsaya a nan, ka ce ga wata rana ku je shan kofi ko cin abincin rana. In ka ƙi sau uku ba ka kawo madadi ba, za su ɗauka ba ka son tarayya ne, su daina. Haka in ba ka musabaha da mata, ko ke ba kya yi da maza, ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska da bayani guntu ya wadatar.

Mataki na huɗu: kai za ka fara gayyata

A nan kukarka za ta yi rana. Amma ka sani a can ba a faɗo wa mutum gida da sallama kawai, ana sa rana da lokaci tun mako guda kafin nan. Ka gayyaci mutum uku ko huɗu, ka tambayi ko akwai abin da wani ba ya ci, musamman gyaɗa, domin wasu tana yi musu mummunar illa. Shinkafa mai danƙo da suke kunun madara da ita tana tuwo mai kyau, samolina ma haka. Kabewarsu mai dogon wuya da alayyahonsu da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba za su ba ka taushe. In kicin ɗin na haɗaka ne, ka buɗe taga kafin ka jefa daddawa, ka kuma ɗiba wa maƙwabcin ɗakinka. Ranar da na fara yi, wata 'yar Sin da muke aji ɗaya ta ajiye cokali ta wanke hannu da ta ga yadda nake yanko loma, ɗan Ghana kuma ya buɗe baki da Hausar zango tiryan-tiryan, ashe a Kumasi ya tashi, wata biyu muna tare ban sani ba.

Mataki na biyar: 'yan gida, da ma'auni

Ka nemi Hausawan garin, kusan kowane babban birni akwai zaurensu na WhatsApp. Su za su tsaya maka ranar suna ko rasuwa, a wajensu harshenka zai huta. Ka faɗaɗa har 'yan Nijar da Ghana da Sudan, da Yarabawa da Inyamurai da za ka tarar sun daɗe sun san gari. Sai dai kada su zama iyakar duniyarka. Na ga wanda ya shekara biyu a Ingila bai taɓa shiga gidan ɗan ƙasar ba. Bashi kuma ka yi taka-tsantsan da shi, jama'ar kaɗan ce, rigimar fam hamsin takan raba zumuncin gari guda.

Mataki na shida: sa wa waya iyaka

Tazarar agogo tsakanin Kano da Ingila awa ɗaya ce a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma babu ko ɗaya. Wannan sauƙi ne, tarko ne kuma, don za ka iya wuni a zaurukan 'yan makarantarku kana bin duk abin da ake ciki a gari alhali ba ka san sunan maƙwabcinka ba. Ka ware lokaci tsayayye. Hajiya da Alhaji ranar Juma'a bayan masallaci, maiɗakinka da yara kullum bayan magaribar Kano, abokai ƙarshen mako. Masu Malesiya ku lissafa da kyau, kun riga gida da awa bakwai. In kewar gari ta taso, kunna Freedom Rediyo a intanet kana wanke-wanke, sannan ka sa takalmi ka fita.

Sallah ita ce jarrabawa mafi zafi, domin ranar aiki ce kamar kowace, ba hawa, ba yara masu yawon barka da Sallah. Ka nemi hutun ranar tun wata guda kafin nan, ka ce kwana biyu saboda ganin wata. A Mancesta ana idi a filin Platt Fields, a Bamingam kuma a Small Heath, jama'a dubbai. Ka saka shaddarka da hula ko da rigar sanyi za ka ɗora a kai. Tun jajibiri ka jiƙa zoɓo, ka tanadi nama, ka aika wa duk wanda ka sani ba shi da iyali a garin adireshinka da lokacin da za a sauke tukunya, har da abokin gudunka na Asabar wanda bai taɓa jin kalmar idi ba.