Kurakuran da ake yi wajen zaɓen launin yadi

Sallah na ƙaratowa, ko biki ya taso, sai ka ji ana ja-in-ja kan anko: "Wallahi ba wannan launin na zaɓa ba!" Sau da yawa ba wanda ya cuci wani. Aikin haske ne da ido.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen yadi can cikin shago, ƙarƙashin ƙwan lantarki. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, wani shagon ƙwansa fari ne tas, na maƙwabcinsa kuma ya ɗan yi ja. Shadda ba ta da hasken kanta. Wanda ya sauka a kanta take shanye wani sashe, ta maido da sauran. A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi kimanin miliyan 6, iri uku, wasu sun fi jin ɓangaren shuɗi, wasu kore, wasu ja. Ƙwaƙwalwa ce ke gwama saƙonsu ta ce maka ga launin. Idan haske ya sauya, hukuncin ma yakan sauya. Ka nemi izinin mai shago, ka fito da yadin bakin ƙofa da rana, amma a inuwa. Ɗan kasuwar kirki ba ya hana wannan.

Kada ka je da magariba. Idan duhu ya fara, wasu ƙwayoyin daban ne ke karɓar aikin gani, su kuwa ba ruwansu da launi. Shi ya sa ja ke rikiɗa ya koma kamar baƙi.

Sai hoton WhatsApp, wanda ni dai na daina yarda da shi. Kyamara na gyara launi da kanta, kowace waya kuma da irin fuskarta. A 2015 duniya ta rabu biyu kan hoton wata riga, wasu na cewa fari da ruwan zinariya, wasu shuɗi da baƙi, alhali shuɗi da baƙi ce. Yanko ƙyalle ka tafi da shi Kasuwar Barci ko wajen tela, ka ɗora shi kan mayafin ko zaren. Ka kuma janye shi daga tarin atamfofi, don launin da ke gefe yana rinjayar ido: ruwan toka kusa da ja sai ya ɗan yi kore-kore.

Wanda kuma kullum yake rikita ja da kore, a daina yi masa dariya. Yawanci gado ne ta wajen uwa, ya fi samun maza, kuma likitan ido na gane shi cikin 'yan mintuna da gwajin Ishihara, wato lambobin da aka ɓoye cikin ɗigogi masu launi.