Yadda ake zagayen ƙafa a dajin rairayi ba tare da rana ta kayar da kai ba

Yanzu a Kaduna yawon ƙafa a daji ya zama yayi, ranar Asabar sai ka ga samari da 'yan mata sun cika mota sun nufi duwatsun Kajuru ko Kufena ta Zariya, wasu ma da suka ji daɗin abin sai su fara maganar tudun rairayin Yusufari a Yobe, wajen Bulatura da ke cikin gandun dajin Chad Basin. To ga yadda ake yin gajeren zagaye, wato hanyar da za ka fita ta nan ka kewayo ka dawo inda ka fara, a wuri mai rairayi da ƙarancin inuwa. Kar gajartar ta ruɗe ka, kilomita 4 a kan yashi ba kilomita 4 ɗin titin Ahmadu Bello Way ba ne, ƙafa nutsewa take kowane taku.

Abu na farko ba takalmi ba ne, tambaya ce. Ka tambayi halin tsaro na wurin a wannan makon, ba na bara ba. Muna da gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari nan cikin jiharmu amma kowa ya san abin da yankin ya sha, saboda haka ba a ɗaukar jaka kawai a tafi. In gandun gwamnati ne ka je ofishinsu ka yi rajista, ka karɓi ɗan rakiya cikin ma'aikatan gandun, in ba gandu ba ne a gaida mai unguwa a nemi ɗan gari. Kuma ka bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin da ya kamata ka dawo, don sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi, lokacin hunturu, sai dai ƙura da bushewar leɓe, a sa man kaɗanya a aljihu. Maris da Afrilu kam ni ban ba da shawara ba, zafin da muke kuka da shi a Kaduna wasa ne in aka haɗa da na Yobe. Ku yi sallar asuba, gari na wayewa ku kama hanya, kafin ƙarfe 10 a ce kun dawo gindin mota kuna shan shayi.

Ruwa, nan ne mutane suka fi yin wasa. Ka lissafa aƙalla rabin lita zuwa lita ɗaya duk awa, ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, to zagayen awa biyu ka ɗauki huɗu ka ƙara biyu na ko-ta-kwana, amma a juye a gora don leda fashewa take a jaka, kuma ita ce ake yarwa a ɓata wuri. Gora ɗaya ka yi mata haɗin gishiri da sukari irin na asibiti, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kar ka jira sai ƙishi ya kama ka, kurɓa kaɗan kaɗan tun daga farko. Dabino da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri. Ruwan alwala daban, a bar shi a mota.

Kaya kuwa riga mai dogon hannu mara nauyi, malfa ko rawani, kambas mai rufe ƙafa da safa doguwa. Silifas a'a. Ƙarangiya kaɗai ta isa ta sa ka tsani tafiyar, tana maƙalewa a safa da bakin wando sai ka zauna kana cirewa ɗaya bayan ɗaya tana soke maka yatsa, ga tsidau ga ƙayar aduwa da take huda tafin takalmi mai laushi.

Kafin ku ɗaga ƙafa ku tsaya ku kalli inda kuka ajiye mota, ku riƙe wata alama babba, dutse ko goriba mai reshe biyu, a kuma sa alamar wurin a taswirar waya. Sannan ku tambayi ɗan rakiya ina ne rabin hanya. Wannan tambayar ita ce sirrin zagaye gaba ɗaya, don kafin rabi in wani ya gaza baya ake komawa, bayan rabi kuma gaba ta fi kusa, mutane da yawa sai su rikice su juya a inda bai kamata ba su ninka wa kansu tafiya. Idan rabin ruwanku ya ƙare ba ku kai rabin hanya ba, ku juya, ba gardama. Kuma kar ku dogara da sawunku a kan yashi, iska tana shafe shi kafin ku waiwayo.

A tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni, shi a gaba ba a baya ba. Ba a yanke hanya. Ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, nan kunama da kububuwa suke fakewa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa, a cire masa zobe da agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa in zai yiwu, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji, shi ya sa ake tambayar wane asibiti ne mafi kusa tun kafin a shiga.

Wanda ya fara jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya a zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa riga a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishirin nan a hankali. In ya fara surutu ba kan gado ko ya suma, wannan ya wuce hutawa, kar a ɗura masa ruwa a baki, a ci gaba da jiƙa jikinsa har a kai shi asibiti.