Yadda ake danne ƙwayoyin gado a Corynebacterium glutamicum don ta ƙara yin lizin

Masu kiwon kaji a Maraɗi sun san lizin a buhu, wani amino asid ne, wato ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, garin nan da ake ƙarawa a abincin kaji saboda gero, dawa da masara ba su da isasshensa, ƙuli-ƙulin gyaɗa ma bai cike giɓin. Bakteriya ce ke yin sa a masana'antu, Corynebacterium glutamicum, wadda Shukuo Kinoshita da abokan aikinsa na kamfanin Kyowa Hakko a Japan suka bayyana a 1957. Ba ta sa cuta. Aikin da ke gabanmu shi ne karkata sukarin da take ci zuwa lizin, maimakon ta kashe shi duka wajen girma.

Dabarar da ta fi sauri ita ce CRISPRi, hanyar rage aikin ƙwayar gado ba tare da an cire ta ba, wadda aka fara bayyanawa a 2013. Ana amfani da dCas9, wato Cas9, anzim mai yanka DNA, da aka dakushe wuƙaƙenta biyu da sauye-sauyen D10A da H840A. Ba ta yanka DNA. Gajeren RNA jagora ne ke kai ta wurin da ake so, ta zauna daram kamar babbar mota da aka gitta a titi, anzim mai kwafar saƙo ya kasa wucewa. A 2016 Cleto da abokan aikinsa sun nuna a wannan bakteriya cewa ana iya rage aikin ƙwayoyin gadon pgi da pck da kashi 98 cikin ɗari, na pyk da kashi 97.

Kafin ka danne komai, duba irin da ke hannunka. Asalin iri, ATCC 13032, ba ya fitar da lizin na a zo a gani, domin anzim na farko a hanyar, wanda ƙwayar gadon lysC ke yi, yana tsayawa da zarar lizin da tiriyonin, wani amino asid ɗin, sun taru. Sai an yi masa sauyin T311I wannan birki ke tashi. Wanda ya tsallake wannan zai danne ƙwayoyin gado biyar bai ga komai ba, ya ɗora wa dabarar laifi.

Wurare uku suka cancanci gwajin farko. Haɗa kowane lizin guda na cin NADPH huɗu, sinadarin da ke kawo ƙarfin haɗa shi, kuma danne pgi yana tilasta wa gulukos bin hanyar fentos fosfat, inda ake samar da shi. Danne hom yana hana tiriyonin, metiyonin da isolusin janye kayan da lizin ke buƙata. Rage gltA kuwa yana barin oksalo'asetat, sinadarin da ake fara gina lizin daga gare shi, ya wadata. Amma duk ukun bakteriya na rayuwa da su. In ka toshe gltA gaba ɗaya ba za ta girma ba, in ka matsa wa hom za ta nemi ka zuba mata amino asid ɗin da ta daina yi. A nan CRISPRi ta fi goge ƙwayar gadon gaba ɗaya daraja, tunda kana iya ragewa rabi ko kashi uku cikin huɗu, ka nemo inda girma da lizin suka daidaita. Ka kuma tuna hom da thrB a jere suke, saƙo ɗaya ake kwafa musu, don haka wanda ya danne na farko ya danne na biyu.

Jagoran harufa 20 ne, kuma dole NGG, wato kowane harafi sai G biyu, ya biyo bayan wurin da zai kama. Ka zaɓi wuri kusa da farkon ƙwayar gadon, jagoran ya manne da zaren da ba a kwafa daga gare shi. In ya kama ɗaya zaren, dannewar takan yi rauni ƙwarai. Harufa 12 na kusa da NGG su ne masu hukunci, sai ka bincika su a kwamfuta cikin dukan DNA ɗin bakteriyar, mai harufa kusan miliyan 3.3, kada su dace da wani wuri. Ka tsara jagora uku ga kowace ƙwayar gado, da guda ɗaya da bai dace da ko'ina ba don kwatance. Ita dCas9 a sa ta ƙarƙashin furomota, wato makunnin ƙwayar gado, da sinadarin IPTG ke kunnawa. Ana haɗa filasmid, zoben DNA ɗin da zai ɗauki dCas9 da jagoran, a bakteriyar E. coli, a tabbatar da jerin harufansa kafin a ci gaba.

Shigar da filasmid ɗin cikin C. glutamicum ne ke ba mutane wuya, saboda bangon wannan bakteriya mai kauri ne da kitse. A rene ta a ruwan da aka sa wa gilisin giram 25 da Tween 80 mililita 1 a lita, a wanke sau uku da giliserol kashi 10 mai sanyin ƙanƙara. A kofin lantarki mai faɗin milimita 2, a buga kilovolt 2.5, mikrofarad 25, om 200. Nan take a zuba ruwan reno na BHIS mililita 1, a ajiye a digiri 46 na minti 6. Wannan ɗumin yana kashe kaifin anzim ɗin da ke sare baƙon DNA, kuma tsallake shi na daga cikin manyan dalilan samun faranti fayau. Sai awa ɗaya a digiri 30, a shimfiɗa a faranti mai maganin kashe bakteriya na kanamisin mikrogiram 25 a mililita, in shi filasmid ɗin ke jurewa. In kofin ya yi tartsatsi, gishiri ya rage a DNA ko a wankin.

Gwajin lizin a ruwan reno na CGXII ake yi, mai gulukos giram 40, amoniyom sulfat giram 20, yuriya giram 5 da biyotin miligiram 0.2 a lita, a pH 7. Mililita 50 kacal a kwalba mai cin 500, ana girgizawa sau 120 a minti, domin in iska ta yi ƙaranci laktat za ka samu. Ka jera IPTG daga sifili zuwa milimola 1. Digiri 30 take so, a Maraɗi kuwa Afrilu da Mayu sukan haura 40, saboda haka injin reno mai ɗumamawa kawai ba zai yi ba, sai mai sanyayawa. Shi da firigon ajiyar iri a haɗa su da gurup ko batirin sola, don awa biyu babu kuran sun isa su ɓata kwatancen.

Mai son rage kuɗi da sukarin kasuwa a madadin gulukos ya sani rabinsa furuktos ne, wanda ke shiga hanyar bayan an wuce matakin pgi, don haka amfanin danne pgi zai ragu.

Auna abu uku: girma, ragowar saƙon RNA ta gwajin RT-qPCR, da lizin ta HPLC, injin da ke rarrabe sinadarai ya auna su. Inda babu HPLC, farantin silika da ninhidirin zai nuna wanda ya fi wani, ko da bai ba da adadi tsayayye ba. In har mai jagoran kwatance ya rage girma, dCas9 ce ta yi yawa, rage IPTG. In lizin ya hau sannan ya faɗi bayan sabunta shuka, waɗanda suka lalata dCas9 ɗinsu ne suka rinjayi sauran. Koma ga irin da ka daskarar.

Duk abin da ya taɓa bakteriyar a dafa shi a otokilaf, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 na minti 20, kuma a nemi izinin hukuma kafin farawa, tunda Nijar na cikin yarjejeniyar Kartajena kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Idan gwaji ya nuna ƙwayar gadon da ta dace da gwargwadon ragewar, a mayar da sauyin na dindindin cikin DNA ɗin bakteriyar da filasmid pK19mobsacB, ta sa furomota mai rauni ko canza ATG na farko zuwa GTG, domin babban tanki ba zai ɗauki kuɗin IPTG da kanamisin ba.