Kwana 15: Abin da Mai Shirin Tafiya Ingila Ya Kamata Ya Sani Game da Shari'ar Wiwi da Ɗaukaka Ƙara

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa Satumba, ba na rasa yaran da nake rakawa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, za su Abuja su hau jirgin Ingila. Iyaye mata su yi ta nasiha a kan sallah da abinci da abokan banza. Ni kuwa da na yi shekaru a can kafin na dawo Kaduna, nasihata ta kotu ce, don na ga yadda ƙullin wiwi da bai kai girman ɗan yatsa ba ya kusa raba ƙanena, ɗan baffana, da karatunsa, alhali yaron ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba.

Zuwanka Ingila ke da wuya za ka ji warin wiwi a bakin titi da wuraren shaƙatawa, har ka ɗauka an halatta ta. Ba a halatta ba. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1971 tana nan daram, kuma tun 2009 aka mayar da wiwi rukuni na biyu, wato rukunin B. Riƙe ta kawai na iya kai mutum ga ɗaurin da ya kai shekara 5, sayarwa ko raba wa wasu kuwa har shekara 14, ko da kyauta ka miƙa wa aboki. Kanada ce ta halatta a 2018, Jamus ta sassauta a 2024. Abin da Ingila ta yarda da shi tun 2018 shi ne wadda ƙwararren likita ya rubuta a matsayin magani. Duk abin da zan faɗa nan na Ingila da Wales ne, Sikotilan tsarin shari'arta daban.

Ƙanen nawa ya isa can da rigunan sanyi marasa kauri. Wani dare cikin hunturu zai tafi aikin sito, ya aika wa wanda suke haya gida ɗaya saƙon WhatsApp yana neman aron jaket. A kusa da tashar bas 'yan sanda suka tare shi, suka laluba, suka zaro ƙulli daga aljihun ciki. Tun daga ranar nake gaya wa kowane matafiyi ya shiga Kasuwar Barci ya zaɓi jaket mai nauyi tasa ta kansa kafin ya tashi. Kada ka ari riga, kada ka riƙe wa kowa jaka, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba.

Idan an tare ka, doka ta ba ɗan sanda ikon bincike in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, amma ta ɗora masa sharuɗɗa. Sai ya faɗi sunansa da ofishinsa, abin da yake nema, dalilin da ya sa ya zarge ka, da dokar da ya dogara da ita. Kana da damar karɓar takardar shaidar binciken, nan take ko cikin wata 3. Karɓe ta ka adana. Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka kuskura ka sa hannu a aljihu da sunan ba da na goro, wannan wani sabon laifi ne da ya fi na farkon nauyi. Yawancinsu suna ɗauke da kyamara a ƙirji, kuma lauya na iya neman hoton daga baya.

A ofishin 'yan sanda akwai lauya kyauta dare da rana, ba ruwansu da ko kai baƙo ne ko kana da kuɗi. Akwai tafinta kyauta in Turancin shari'a ya fi ƙarfinka, kuma kana iya cewa a sanar da wani naka ko ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan. Yaranmu da yawa sukan ce ba sa buƙatar lauya, wai gaskiyarsu za ta fishe su, ko kuma suna gudun jira. Jira shi, ko zai kai asuba.

Ga inda tarbiyyarmu ke iya cutar da mu. An koya mana in babba ya tsare ka, ka ce "a yi haƙuri" a wuce wurin. A can, wanda aka kama da kaɗan a karon farko sau da yawa akan ba shi takardar jan kunne, wadda suke kira koshan, ko wani sulhu mai sauƙi, maimakon kotu. Sharaɗin shi ne ka amsa laifi. Ga wanda da gaske tasa ce, wannan na iya zama mafita mafi sauƙi, lauya zai auna masa. Amma wanda ba tasa ba, ya sa hannu don ya samu ya koma gida ya kwanta, ya rubuta wa kansa tabo. Fom ɗin biza yana tambaya a kanta, tana iya fitowa a binciken da ake yi wa masu aikin jinya da kula da tsofaffi, Amurka kuwa ba ta wasa da duk wani tarihin ƙwaya. Haka nan wanda ya amsa laifi a gaban kotu, a mafi yawan lokuta hukuncin kawai zai iya ƙalubalanta, ba kama shi da laifin ba.

Ƙanena bai amsa ba, shi ya sa aka kai shi kotun majistare. Sai dai ya yi wani kuskuren: ya ce jaket ɗin ba tasa ba ce, amma ya ƙi faɗin ta wane ne, wai ba zai tona asirin wanda suke cin abinci tare ba. Ko lauyansa bai nuna wa saƙonnin wayar ba. Alƙalai suka ga mutum sanye da riga, abu a aljihunta, ba wani bayani. Suka same shi da laifi, suka ci shi tara.

Ya ja bakinsa ya yi shiru. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, yana ganin tara ce, a biya a manta. Sai da wani ɗalibi ya tsoratar da shi da maganar sabunta biza sannan ya kira ni. Ina zaune a ƙofar gida a Unguwar Rimi bayan sallar isha'i, na ji muryarsa tana rawa.

"Yaya, don Allah kada Baba ya ji."

"Yaushe aka yanke hukuncin?"

Ya faɗi ranar. Na ƙirga da yatsu, na cire Asabar da Lahadi. Kwana 11 na aiki sun riga sun tafi. Na ce masa, "Maganar Baba ka bar mini ita. Gobe da sassafe ka kasance a ofishin lauya, da wayarka a hannu, ka buɗe masa komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Wa'adin ɗaukaka ƙara daga kotun majistare kwana 15 ne na aiki daga ranar da aka yanke hukunci. Ana cike fom a kai wa kotun da ta yi shari'ar, a ba masu gabatar da ƙara kwafi. In ka makara kana iya roƙon ƙarin lokaci tare da bayyana dalili, amma ba dole ne a ba ka ba, kuma "na ji kunya" ba hujja ce mai ƙarfi ba. Ƙarar tana zuwa babbar kotun laifuka da suke kira Crown Court, gaban alƙali ɗaya da majistare yawanci biyu waɗanda ba su zauna a shari'ar farko ba. Alherin wannan mataki shi ne ba sai ka nemi izini ba, kuma shari'ar ake sakewa tun daga tushe: shaidu su dawo, a sake yi wa ɗan sanda tambayoyi, ka kawo shaidar da ba ka kawo a baya ba. Haɗarinsa kuma shi ne in ka faɗi, ana iya ƙara maka hukunci, a kuma ɗora maka kuɗin shari'a. Wanda tun farko a babbar kotun aka yi masa shari'a, nasa ya fi tsauri: kwana 28, sai da izini, kuma sai ya nuna hukuncin ba abin dogaro ba ne. In duk ƙofofi sun rufe, akwai hukumar sake duba shari'o'in laifi da ke Birmingham, wadda ta fara aiki a 1997, sai dai tafiyarta doguwa ce.

Abu guda da yake ruɗar mutanenmu: sun saba jin cewa a Amurka in bincike ya saɓa doka, shari'a ta rushe. Ingila ba haka take ba. Ko ɗan sanda ya tsallake ƙa'ida, abin da aka samu yakan shiga shaida, sai in alƙali ya ga shigar da shi zai ɓata adalcin shari'ar, ƙarƙashin sashe na 78 na dokar 'yan sanda da shaida ta 1984. Lauyan ƙanena ya duba wannan ya ce kada mu rataya fatarmu a kansa. Inda ya ga ƙarfi shi ne batun sani, domin dokar 1971 ta ba da kariya ga wanda bai san abin na tare da shi ba, kuma ba shi da dalilin zargin hakan. Saƙon aron jaket yana nan da ranarsa da lokacinsa, minti kaɗan kafin a tare shi. Wani ɗan gidan na uku ya yarda ya tsaya ya shaida wa kotu mai rigar. An tambayi ƙanena, da zafi kuwa, me ya hana shi faɗin haka tun a ofishin 'yan sanda, don a dokarsu ɓoye abin da daga baya za ka dogara da shi yana iya raunana kariyarka. Ya faɗi gaskiyar dalilinsa. Kotu ta soke hukuncin, bayan watanni na jira da ramewa.

Kafin ka yanke shawarar barin hukunci ya zauna, ka ga lauyan shige da fice mai rajista, ba lauyan laifuka kaɗai ba, don ba kowanne ne ya san aikin ɗan'uwansa ba. Ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo korar baƙo kai tsaye ƙarƙashin dokar kan iyakokin Birtaniya ta 2007, ƙaramin hukunci ma yana iya tasowa ranar neman zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa. Ƙungiyar ɗalibai ta jami'arka tana da ofishin ba da shawara kyauta, akwai Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, akwai kuma Release, ƙungiyar da ta ƙware a dokokin ƙwaya. A gida ma maganar ba ta mutu ba: tun 1990 dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga ɗan Najeriyar da aka samu da laifin ƙwaya a waje har ya zubar da mutuncin ƙasa.

Baffana kuwa ni na je har Tudun Wada na same shi bayan la'asar, na zayyana masa komai tun kafin a zauna shari'a ta biyu. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin lauyan.